Karkataccen Bajo

Yayata ba ta iya faɗa ba, ko kaɗan. In ka taka mata ƙafa, ita za ta riga ka cewa sannu. Ni aka bar wa gadon masifa a gidanmu, na kuma riƙe shi hannu bibbiyu. Saboda haka in kun ji muryata tana hawa a cikin labarin nan, ku yi mini uzuri, ta mutum biyu nake yi.

Mu uku ne a wurin iyayenmu: Yaya, sai ni, sai namiji guda da ya zo bayan kowa ya fid da rai. Auta muke ce masa har yau da ya ajiye gemu da tumbi. Yana rarrafe mahaifiyarmu ta rasu. Babanmu direban babbar mota ne, yau yana gida gobe yana hanya, don haka a bayan Yaya Auta ya girma. Ita ta yaye shi, ita ta kai shi makaranta, ita ta tsaya masa a bakin tagar aji ranar da ya ƙi zama. Ta yi aure, mijin bai daɗe ba ya rasu, ba ta haihu ba, ba ta kuma sake yin wani ba. In an matsa mata da zancen sai ta ce ai tana da ɗa.

Sana'arta surfani. Da hannu ta fara, tana yi wa mata fulawa a bakin zanin gado da rigar matashi. Daga baya wani kamfanin ɗinki ya rufe aka yi gwanjon kayansa, ta tattara ɗan abin da ta tara ta sayi injin surfani mai aiki da kwamfuta, tsoho, mai kai ɗaya. Ta kama shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. In za ka shiga sai ka sunkuya ta ɓangaren hagu, don matakalar ta cinye rabin rufin. Taga ɗaya ce, da fankar da wuyanta ya ƙage tana hura wa bango iska, da kantoci cike da zare kala-kala. Warin man inji kuwa har a mayafinta yake raka ta gida.

Ranar da aka kawo injin, masu saukewa suka sake shi ya bugu da dakalin ƙofa. Bai mutu ba, amma tun daga ranar hannunsa yake jan aiki zuwa hagu. Ka ba shi miƙaƙƙen layi, ya ɗinka maka shi a jingine. Mai gyara ya duba ya ce ƙarfen da ya lanƙwashe an daina yin irinsa. Ni na raɗa wa injin suna Gurgu, sunan kuma ya bi shi.

Da wata ce da ta sayar wa 'yan gwangwan ta huta. Yaya sai ta zauna ta karanci halin Gurgu kamar yadda ake karantar halin miji. Tunda hagu yake ja, ta riƙa zana komai a kwamfuta a karkace zuwa dama, daidai gwargwadon da in ya ja zai miƙe. In ka leƙa allon kwamfutarta sai ka rantse jiri ke ɗibar mai zanen: littafi a jingine, fitila a jingine, haruffa duk sun kwanta gefe guda. Amma da Gurgu ya gama ka ɗaga ƙyallen, komai tsaye cak.

Bajon makaranta ne ya ɗaga ta. Kusan duk yaron da ka gani da yunifom a ɓangarenmu na gari, abin da ke ƙirjinsa daga ƙarƙashin matakalar nan ya fito. Ga tambarin ƙananan asibitoci, ga na masu gadi, ga na 'yan ƙwallo. Kowane zane ɗinki bayan ɗinki take ɗora shi, gilashi a karan hanci, hannu a kan linzamin kwamfuta: inda allura za ta fara, inda za ta juya, inda za a canja zare. Wani bajon har ido ya yi mata ja kafin ta gamsu da shi. Shekara wajen ashirin tana tarawa.

Duk wannan dukiyar tana cikin wata tsohuwar kwamfuta mai ruwan toka da ke ƙarƙashin tebur, a cikin wata manhajar zane wadda kamfanin da ya yi ta ma ya daɗe da rufewa. Zanen ba sa buɗuwa a ko'ina sai a cikin manhajar, manhajar kuma ba ta tashi sai a kan tsohon tsarin kwamfuta wanda kowa ya watsar. Wannan shi ne kwaɗon Yaya, ko da yake ba ta taɓa kiransa haka ba. Masu sababbin injuna sun sha zuwa su ce ta sayar musu da zane ko guda. Sai ta yi murmushi ta ce, "Zane ba ya fita shagon nan sai a kan ƙyalle."

Da bajon nan aka yi wa Auta karatun kwamfuta, da shi aka yi masa aure. Da matarsa ta haifi mace ya sa mata sunan Yaya, muna ce mata Takwara. Ranar Yaya ta yi kuka har mai aski ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi.

To, wata safiya, ana dab da komawa makaranta, aiki ya taru har bakin ƙofa, tsohuwar kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara ta saki warin ƙonannen roba, ta yi shiru. Ni a kantin magani nake aiki, a layin baya. Yaya ta kira ni a waya. Na same ta a durƙushe tana shafa akwatin kamar mai lallashin mara lafiya. Muka kira Auta.

Ya zo da jakarsa, ya kwance bayan akwatin, ya shinshina, ya ce ta tafi ke nan. Amma faifan da ke riƙe da komai bai ƙone ba. Yaya ta sauke wani numfashi, ta ce to a nemo mata wata tsohuwar irinta a kasuwa a mayar da faifan.

"Haba Yaya," in ji Auta, "gawa za ki sayo ki maye gurbin gawa? Wata nawa za ta yi miki? Laftof za a saya, sabuwa."

"Ai ka ce manhajata ba ta tashi a kan sababbi."

"Ba ta tashi. Amma akwai dabara. Za a gina wa tsohuwar ɗaki a cikin sabuwar. Kwamfuta a cikin kwamfuta. Kin kunna laftof, kin danna wuri ɗaya, sai taga ta buɗe, ga tsohuwarki nan a ciki da komai nata, ita ba ta ma san ta mutu ba."

Na ce, "Kai Auta, ka ji tsoron Allah, fatalwa za ka sa mata a shago?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya Ƙarama, ke dai ki tsaya a kan maganin tari."

Aka sayo laftof. Sai aka zo kan zaɓe, don ashe manhajojin da ke gina irin wannan ɗakin ba guda ba ce. Auta ya kawo biyu. Ta farko kyauta ce, mara nauyi, tana tashi da sauri. Ta biyu ta saye ce, mai cin wuri, in ta tashi sai fankar laftof ta kama huci har ka ji zafi a tafin hannu. Ya ce duk ya san su, amma ba shi zai zaɓa ba, Gurgu ne zai zaɓa. Don abin da ake nema shi ne wadda za ta bar tsohuwar da ke ciki ta yi magana da injin ta wayar da ke haɗa su, ba tare da maganar ta yanke ba.

Aka fara da ta kyauta. Taga ta buɗe, ga shuɗin allon da Yaya ta saba da shi, har da hoton da ta sa a bango tun tuni, hoton Auta ranar da ya gama karatu, da hular nan mai tuntu ta karkace masa a ka. Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Ikon Allah! Har hoton ya biyo ta." Aka ɗame ƙyalle, aka tura bajo mai littafi da fitila. Gurgu ya kama aiki, tat-tat-tat, muna ta murna. Yana tsakiyar littafin sai ya tsaya cak, allura a cikin ƙyalle. Wayar ta ɓace wa tsohuwar da ke ciki. Aka sake, ya tsaya a kan fitila. Aka sake, ya tsaya tun bai gama da'ira ba. Ƙyalle uku suka tafi kwandon shara.

Aka koma ta biyu. Laftof ta yi ta huci kamar ta hau tudu, amma Gurgu ya ɗauki bajon daga farko har ƙarshe bai ko yi tari ba. Yaya ta yanke zare, ta ɗaga ƙyallen a taga, ta juya bayansa, ta ce, "Wannan. A bar mini wannan."

Magana ta ƙare ke nan a wurina. Amma na ga Auta ya koma kan ta kyautar yana ta danne-danne, yana buɗe zane ɗaya bayan ɗaya, yana fitar da su yana mayarwa. Na ce, "Me kake nema kuma a wurin wadda ta faɗi jarrabawa?" Ya ce ana so ne a tabbatar, bai ɗago ba.

Sannan ya juyo da fara'a ya nuna wa Yaya abin da ya kira babban daɗin dabarar. Ya ce yanzu tsohuwar kwamfutar gaba ɗayanta, da manhajar da zanen da komai, ta zama fayil guda. In laftof ta lalace gobe, a kwafe fayil ɗin a kai wata, shi ke nan. Ya zaro filash daga aljihu, ɗan abu kamar yatsa, ya ce, "Ko a nan za ta shige."

Yaya ta kalli filash ɗin, ta kalli kantocinta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Duka?"

"Duka, Yaya."

Da zai tafi sai ya ce zai wuce da laftof ɗin gida na 'yan kwanaki, bai gama gwada manhajojin ba, kuma wutar gidansa ta fi tsayawa. Na ga hannun Yaya ya tsaya a kan murfin. Tunda ta buɗe shagon nan zane bai taɓa ƙetare dakalin ƙofa ba sai a kan ƙyalle. Sai ta jawo wani sabon tawul ta naɗe laftof ɗin kamar jariri, ta miƙa masa ta ce, "Kar ka bari Takwara ta zuba mata shayi."

Ya dawo da ita lafiya lau. Aiki ya ci gaba, aka fita kunyar makarantu. Duk wanda ya shigo shagon sai Yaya ta nuna masa kwamfutar da ke cikin kwamfuta ta ce, "Aikin ƙanena ne." Mai gyaran agogo ya ji labarin har ya haddace. Ta yi wa Auta surfanin sunansa a jakar aikinsa da zaren zinariya, irin wanda ba ta taɓa sa wa kowa ba sai an biya.

Da shekara ta zagayo, sai makarantu suka fara zamewa. Wannan ta ce bana an canja tsari. Waccan ta ce za a kira ta, ba a kira ba. Wata shugabar makaranta da suka yi shekaru suna hulɗa ta hango Yaya a titi ta tsallaka ɗaya gefen. Mun ji an buɗe wani sabon wurin surfani a babban titi, mai ƙofar gilashi, da injuna masu kai da yawa, suna yi da sauri kuma da araha. Yaya ta ce kowa da rabonsa, ai sai sun zauna sun zana nasu, kuma zane ba a yinsa da gaggawa.

Ranar da abin ya fito ina shagon, na kawo mata maganin ciwon baya. Wata mata ta shigo da rigar ɗanta ta makaranta, sabuwa fil, ta ce, "Don Allah duba mini, ni ce idona ko bajon nan a karkace yake? A makaranta aka sayar mana."

Yaya ta karɓa ta sa gilashi, ta kai ƙarƙashin fitila. Littafi da fitila ne, da haruffa a ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Ta juya bayan rigar ta bi zaren da farce, daga inda allura ta fara zuwa inda ta ƙare. Sai ta ce wa matar ta dawo gobe, cikin wata murya da ban san ta da ita ba.

Da matar ta fita ta buɗe laftof, ta buɗe ta ciki, ta kira zanen, ta ɗora rigar a gefen allon. Na duba wannan na duba wancan. Littafin allo a jingine zuwa dama, littafin riga a jingine zuwa dama, daidai wa daida.

Na ce, "Yaya, Gurgu ne ya fara gigin tsufa?"

Ta ce, "Gurgu bai taɓa rigar nan ba. Da ya taɓa ta da ta miƙe. Lafiyayyen inji ne ya ɗinka, ya ɗinka abin da aka ba shi."

Sai da maganar ta yi yawo a kaina kafin ta zauna. Da ta zauna kuwa ban ko ɗauki jakata ba. Na tari mota sai babban titi.

Wurin sanyi ƙalau, tayil yana ƙyalli, injuna jere suna aiki gaba ɗaya ba mai tari a cikinsu. Na ce wa matar da ke kan kanta ina son a yi wa 'yan ƙwallon unguwarmu tambari, a nuna mini samfuri. Ta ce ai suna da zane fiye da yadda zan iya kallo, ta juyo mini da laftof ɗinsu. Ta danna wuri ɗaya, taga ta buɗe. Shuɗin allo. Wallahi ko hoton bangon ba su canja ba. Ga Auta nan yana washe baki da hularsa mai tuntu.

Na nuna da yatsa na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Au, ai ogammu ne, shi da mai wurin suka haɗa hannu. Shi ya kawo zanen duka. Kin san shi?"

Na ce, "Na taɓa wanke masa kashi." Na fito.

Abin da na faɗa wa Auta a waya ba zai rubutu ba. Washegari ya zo shagon, da jakar nan mai zaren zinariya a kafaɗa, ko kunyar rataya ta bai ji ba. Na tare shi tun daga ƙofa. Na kira shi ɓarawo, na kira shi butulu, na tuna masa wadda ta goya shi har bayanta ya lanƙwashe. Mai aski ya fito da almakashi a hannu yana ba ni haƙuri. Yaya tana zaune tana warware wani zare da ya harɗe, kamar ba da ita ake ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bai musa ba. Ya sunkuya ya shigo ya tsaya a gabanta ya ce, "Yaya, me na ɗauka? Buɗe ki gani, naki yana nan, ko ɗinki ɗaya bai ragu ba. Kwafi ne kawai. Gurgu ya kusa mutuwa, kin sani na sani. In ya mutu zanen nan su bi shi kabari? Na yi niyyar in gaya miki in abin ya kankama. So nake in ɗauke ki daga ƙarƙashin matakalar nan, ki zauna a ofis mai sanyi kina duba aiki kawai."

Na ce, "A matsayin me? 'Yar aikinku?"

Yaya ta ɗaga mini hannu na yi shiru, abin da ba kasafai nake yi ba. Ta ajiye zaren. Ta ce, "Auta, tambaya ɗaya zan yi maka. Tasu kwamfutar ta ciki, a wace manhaja ka ɗora ta? Ta saye ko ta kyauta?"

Ya yi mamakin tambayar, har ya ɗan saki jiki, ya ɗauka zancen aiki ne. Ya ce, "Ta kyauta. Ai su ba sa buƙatar waya, sababbin injuna da filash ake ba su zane. Abin da ake so kawai ta buɗe zanen ta fitar da su, kuma tana yi sarai."

"To," in ji Yaya. "Ranar da ka zauna a kujerar nan kana ta buɗe zanena a cikin ta kyautar, bayan na riga na zaɓi tawa, na ɗauka don ni kake wahala. Har na aika aka sayo maka lemo."

Ya gyara jakar a kafaɗarsa.

"Da ka ce za ka tafi da ita gida ka ƙarasa gwaji, ashe gwajin ya ƙare tun a nan. Ni na naɗe maka ita da hannuna." Ta mayar da gilashinta ta jawo zaren. "Je ka, Auta. Ina da aiki."

Ba ta da wani aiki, tawul biyu ne kawai a kan tebur.

Na ce a kai ƙara. Na ce a tara dangi. Na ce aƙalla a bi makarantun a nuna musu bajonsu a karkace yake. Wannan na ƙarshen ni na yi shi da ƙafata ba da saninta ba. Wani mai kula da kayan makaranta ya ɗaga rigar ya karkata kai ya ce shi bai ga komai ba, kuma ko da akwai, wa ke auna ƙirjin yaro da ma'auni? Ba wanda ya dawo. Yaya ta koma rubuta suna a tawul da bargon jarirai, da fulawa a rigar matashi, inda ta faro. Kullum da safe tana kunna laftof, ta danna, taga ta buɗe. Hoton kawai ta cire, ta bar bangon shuɗi fayau.

Ba ta sake taka gidan Auta ba, ba ta kuma sake ambaton sunansa ba. Amma ba ta hana Takwara zuwa ba. Uwar yarinyar, baiwar Allah, kunya ta hana ta shigowa, sai ta sauke ta a bakin matakala ta koma mota ta jira.

Da aka sa Takwara a makaranta, aka kawo ta ta nuna wa Yaya yunifom. Ta shigo da gudu, safa fara, takalmi yana ƙara, tana juyi tana cewa, "Goggo, kalle ni!" Yaya ta rungume ta, sai idonta ya sauka a ƙirjin rigar. Littafi da fitila, a jingine.

Ta ce, "Takwarata, cire rigar nan ki sa mayafina, in yi miki wani abu."

Ta ɗauki reza ta farke bajon a hankali, zare bayan zare, ba ta ji wa ƙyallen ciwo ba. Ta ɗame shi, ta tura wa Gurgu zanen. Tat-tat-tat. Da ta ɗaga rigar a taga, littafin yana tsaye, fitilar tana tsaye, haruffa a jere kamar an sa musu igiya. Rabon da in ga fuskar Yaya ta saki haka tun kafin matar nan ta kawo rigar ɗanta. Ta sa wa yarinyar, ta gyara mata kwala, ta ce, "Haka yake tun asali."

Bayan kwana biyu sai ga Takwara ta dawo, ido ya kumbura, rigar a cikin leda. Ina nan, na zo cin abincin rana. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa. Yaya ta ce lafiya? Sai ta fashe da kuka. Wai an jera su a filin makaranta ana duba yunifom, malama ta tsaya a kanta ta ce bajonta ba irin na kowa ba ne. Ta fito da ita gaban 'yan aji ta ce wannan jabu ne, na bakin titi, a je a gaya wa iyayenta su sayi na gaskiya a makaranta. Yara suka yi ta yi mata dariya.

"Goggo, ki mayar mini da irin na kowa," in ji ta, tana shessheƙa. "Don Allah."

Na miƙe, cokali ya faɗi. Na ce yanzun nan zan je makarantar in ga malamar da ta san jabu. Na ce wanda ya zana abin ne za a ce wa jabu? Na ce a kira uban yarinyar ya zo ya ji abin da ya jawo. Ina ta zuba, Takwara ta ƙara ƙarfin kukanta don ta ɗauka da ita nake.

Yaya ta ce, "Ya isa. Kina tsorata ta."

Ta jawo yarinyar ta share mata fuska da gefen mayafi, ta zaunar da ita a kujerar baƙi. Ta zaro rigar daga leda, ta sake ɗaukar reza ta farke aikin da ta yi shekaranjiya. Sannan ta buɗe laftof, fanka ta fara huci, ta danna, ta ciki ta tashi. Ta kira zanen littafi da fitila.

Sai a lokacin na gane abin da za ta yi. Gurgu ba ya iya fitar da zanenta a karkace, miƙar da shi yake yi. In ana so ya fito a jingine irin na kowa, sai an ƙara kwantar da shi fiye da yadda yake.

Na ce, "Yaya, kar ki yi. Wallahi kar ki yi."

Ba ta kalle ni ba. Ta gyara gilashi a karan hanci, ta kama linzamin, ta ja kan littafin zuwa dama kaɗan. Ta tsaya ta auna da ido, ta ƙara ja kaɗan. Sannan ta juya ga yarinyar ta ce, "Takwarata, zo ki duba mini. Na 'yan ajinku haka yake, ko in ƙara?"

Yarinyar ta matso ta leƙa allon, ta ja majina, ta ce, "Ki ƙara kaɗan, Goggo."

Yaya ta ƙara.